Sarauniya Amina ta Zazzau da Matsalar Jerin Sarakuna

A cikin mutanen da suka rayu a ƙasar Hausa kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da wuya a sami wanda sunansa ya yaɗu kamar na Amina ta Zazzau. Akwai makarantar 'yan mata a Kaduna da ke ɗauke da sunanta, akwai kuma gidan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da wani a Jami'ar Legas. A shekarar 1975 gwamnatin Nijeriya ta buga kan sarki da zanen da aka ƙaga na kamanninta, a 2021 kuma aka fitar da fim a kan rayuwarta. Littattafan makaranta da yawa sukan ce an haife ta a 1533, ta hau gadon sarauta a 1576, ta rasu a 1610, kamar dai akwai magatakardan da ya zauna a fada yana rubuta ranakun. Amma wanda duk ya ɗauko jerin sarakunan Zazzau na Haɓe, wato sunaye sittin tun daga Gunguma har zuwa Makau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba zai tarar da sunan Amina a ciki ba. Saboda haka ba shi yiwuwa a ba da labarin rayuwarta a bisa gaskiya sai an haɗa da labarin takardun da suka ambace ta da waɗanda suka tsallake ta.

Asalinta da ƙuruciyarta

Labaran baka da aka tattara aka rubuta a Zariya da Abuja a cikin ƙarni na 20 sun haɗu a kan cewa Amina 'yar Bakwa Turunku ce, wato mai sarauta na 22 a jerin. Turunku tsohon gari ne a gindin duwatsu, kudu da Zariya, a cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna a yau, har yanzu kuwa ana ganin kufansa da alamun ganuwarsa. An ce a zamanin Bakwa ne, ko kuwa jim kaɗan bayansa, aka tashi daga Turunku saboda ƙarancin ruwa, aka komo wajen dutsen Kufena da ke yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. An ce kuma Bakwa na da 'ya'ya mata biyu, Amina ce babba, ƙaramar kuwa sunanta Zariya, ita ce aka sa wa sabon birnin sunanta.

Tun daga nan ma matsala ta fara, domin masu ba da labari ba su daidaita a kan ko Bakwa namiji ne ko mace ba. Wasu sun ce uban Amina ne, wasu sun ce uwarta ce. Akwai masanan da suka karanta sunan da ma'anar baƙuwa, suka ɗauka cewa wani sabon gida ne ya shigo ya karɓi sarautar. Jerin sarakunan kansa bai raba gardama ba, gama suna kawai ya kawo da yawan shekarun mulki.

Game da ƙuruciyarta, labarin da ya fi shahara shi ne cewa ta tashi a fadar kakanta Sarki Nohir, yana ɗaukarta yana zuwa da ita wurin zaman fada, ta haka ta saba da maganganun mulki da na yaƙi tun tana ƙarama. Da ta kai shekara 16 aka naɗa ta Magajiya. Manema suka yi ta zuwa da dukiya, ita kuwa ta ƙi aure, ta mai da hankalinta ga hawan doki da riƙon takobi. A zamanin Karama, wanda aka ce ɗan'uwanta ne, ta zama jagorar mayaƙan Zazzau, har ta yi suna ta tara dukiya. Kirarin da ake yi mata ya danganta ta da Bakwa, ya kuma gwada ta da mazaje. Akwai kuma labarin nan da masu tatsuniya suka fi so, cewa kowane gari ta ci takan zaɓi namiji guda ya kwana da ita, gari na wayewa a kashe shi. Irin wannan labari ana samunsa a wurare da dama a duniya a kan matan da suka riƙe mulki, abin da ya fi nunawa kuwa shi ne yadda mazan da suka zo daga baya suka ɗauki mace mai iko. Babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin takardu biyu da suka ambaci Amina da ya kawo shi, kamar yadda babu wanda ya kawo shekarar haihuwarta.

Yaƙe-yaƙenta a bakin maƙwabta

Takarda mafi tsufa da aka san marubucinta da lokacin rubuta ta, wadda ta ambaci Amina, ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. A wurin da yake bayanin ƙasashen Hausa, Bello ya nuna cewa abin da ya ji ne yake faɗa: Amina 'yar Sarkin Zazzau ce ta fara haɗa iko a kan waɗannan ƙasashe, ta yaƙe su har Katsina da Kano suka riƙa kai mata gandu, ta ci ƙasashen Bauchi, mulkinta ya kai bakin ruwa ta kudu da yamma, ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Da wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa ƙasar Zazzau ta fi sauran ƙasashen Hausa faɗi. Baturen nan Clapperton, wanda ya ziyarci Sakkwato a 1824, ya tafi da wani yanki na littafin, aka fassara shi aka buga a Ingila a 1826, ta haka sunan Amina ya fara isa Turai.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya lura da su a maganar Bello. Bauchin da yake nufi ba garin Bauchi na yanzu ba ne, wanda Yakubu ya kafa a zamanin jihadi. A da Hausawa kan kira dukan ƙasashen duwatsu da ke kudu da su da wannan suna. Sa'an nan kalmar Larabci da ake fassarawa da teku tana ɗaukar ma'anar babban kogi, kamar yadda Larabawa ke kiran Nilu da ita. Tun da yake ana sanya Atagara a kusa da Idah ta ƙasar Igala, a bakin Kwara, ya fi kusa da hankali a ce dawakin Zazzau a bakin Kwara suka tsaya. Wanda ya san yadda ƙudan tsando ke kashe doki a kurmi ba zai yi saurin yarda cewa sun kai bakin teku ba.

Takarda ta biyu ita ce Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, aka kuma sa fassararsa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. A ƙarƙashin mulkin Sarkin Kano Dauda Baƙon Damisa, marubucin ya bar maganar Kano ya juya ga Zazzau. Ya ce a lokacin ne Amina ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana ba ta gandu. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ita ce ta fara mallakar babanni da goro a ƙasar Hausa. A zamaninta ne kayan yamma suka shigo. Yaƙe-yaƙenta kuma sun ɗauki shekara 34. Maganar goron Nufe ba ta rasa tushe ba, domin har zuwa zamanin Turawa goron Laɓuje na ƙasar Nufe yana cikin mafi daraja a fadojin Arewa.

Wannan shaida tana da nauyi ta wani gefe, saboda marubucin Kano ba shi da dalilin ƙara wa Zazzau girma. Kaɗan kafin wannan wuri ma ya ba da labarin yadda Sarkin Kano Kananeji ya kai yaƙi Turunku aka kore shi, ya sake shiri ya komo, aka gamu a Gadas, Kanawa suka kashe Sarkin Zazzau, Kananeji ya zauna kusa da Shika wata takwas. Marubucin da ya yi alfahari da wannan nasara, sa'an nan ya komo ya yarda cewa wata mace daga ƙasar da aka ci ta gagari kowa, lalle labarin ya yi ƙarfin da ba ya iya ƙyale shi. Sai dai an lura cewa bai sa Kano a cikin masu ba da gandu ba, alhali Bello ya sa ta.

Ganuwa ita ce shaida ta uku, ita ce kuma wadda talakawa suka fi riƙewa. A wurare da yawa a ƙasar Hausa da kudancinta, idan aka tarar da tsohuwar ganuwa wadda ba a san maginanta ba, sai a ce ganuwar Amina ce, wai duk inda ta yada zango takan kewaye shi. A Zariya ma doguwar ganuwar da ta kewaye wajen Kufena ita ake danganta wa. Masanin tarihin kufai J. E. G. Sutton, wanda ya auna ganuwar Zariya da ta Kufena a shekarun 1970 sa'ad da yake Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa aiki ne na zamani daban-daban, an gina an ƙara an gyara. Ba abin mamaki ba ne sunan mutum guda ya haɗiye aikin tsararraki, haka nan ake danganta wa Muhammadu Rumfa abubuwa da yawa a Kano.

Wane ƙarni?

A lissafin Palmer, Dauda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Idan an bi Kano ke nan, Amina mutumiyar farkon ƙarni na 15 ce. Amma jerin sarakunan Zazzau da E. J. Arnett, wani jami'in mulkin Turawa, ya buga a 1910, idan aka ƙirga shekarunsa da baya, yana sa Bakwa tsakanin 1492 da 1522. Wani jerin kuma, wanda ya shiga littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966 a kan masarautun Arewa, ya sa hawan Bakwa a 1536, da mulkin Karama daga 1566 zuwa 1576. Farfesa Abdullahi Smith, a cikin maƙalarsa ta 1970 a kan tarihin Zazzau a ƙarƙashin sarakunan Hausa, bayan ya gwama abin da ya samu, ya sa zamanin Amina bayan 1576. Tsakanin lissafin farko da na ƙarshe akwai shekara fiye da 150.

Daga nan ake gane inda shekarun littattafan makaranta suka fito. An ɗauki 1576 daga jerin Zazzau, wato ƙarshen mulkin Karama. An ɗauki shekara 34 daga Tarihin Kano. Aka tara su, aka sami 1610. Wato an karɓi adadin da marubucin Kano ya bayar, an kuma yar da zamanin da ya sa ta a ciki. An karɓi shekarar da jerin Zazzau ya bayar, an kau da kai daga cewa jerin ya cike waɗannan shekaru da wasu sunaye, irin su Kafo da Ali da waɗanda suka biyo su. Abin da aka ɗinka daga ƙyalle biyu ne, ɗinkin kuwa ba ya ɓoyuwa idan an duba da kyau.

Alal misali, Tarihin Kano ya ce Amina ce ta fara mallakar babanni, shi ne kuma ya ce Rumfa, wanda Palmer ya sa tsakanin 1463 da 1499, ya fara ba babanni sarautu. Ya ce ita ta fara samun goro, ya kuma ce Abdullahi Burja, magajin Dauda, shi ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. A cikin littafin kansa waɗannan maganganu sun jeru daidai, ita ce a gaba, su suna biye. Idan aka ɗauke ta aka kai ta 1576, to, ba ta zama ta farko a kome ba, amma duk da haka littattafan da suka kai ta can ba su daina kiranta mai kawo goro ba.

Maganar Kwararrafa ta fi wannan tsanani. A Zariya, a yankin Tudun Wada, akwai unguwar Tudun Jukun, wadda sunanta ke ɗauke da sunan Jukunawa, mutanen da ake dangantawa da daular Kwararrafa. Sunan wuri yakan riƙe tunawa da cuɗanya tsakanin al'ummu, amma ba ya faɗin shekara. Tarihin Kano kuwa ya faɗa: a zamanin Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, Kwararrafawa suka auka wa ƙasar Kano har mutanen birni suka gudu zuwa Daura, suka kuma sake zuwa a zamanin Kukuna da na Dadi a cikin ƙarni na 17. Shekarun Zaki su ne daidai shekarun da ake cewa Amina tana karɓar gandu daga Kwararrafa. Da wuya a ce mutanen da ke ƙarƙashin Zazzau su ne ke ƙetarowa da runduna suna cin ƙasar Kano. Wannan ya sa lissafin da ya kai ta baya, ko dai ƙarni na 15 ko farkon na 16, ya fi zama daidai da abin da aka ce ta aikata, ko da yake sunan Abdullahi Smith ya isa ya sa ɗalibi ya yi hattara kafin ya yanke hukunci.

Wani zai ce a nemi mafita daga Nufe, tun da jerin sarakunansu ya sa kafuwar sarautar Tsoede a 1531, ashe kafin nan babu Sarkin Nufe da zai aiko da goro. Amma ita ma 1531 da ƙirgen baya aka same ta, daga jerin da aka rubuta a makare. Haka shekarun Palmer: marubucin Kano yawan shekarun kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya tara su ya koma da baya har ya kai Bagauda a 999. Littafin kansa ya tsaya ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta a shekarun 1880 zuwa farkon 1890, masana irin su Murray Last da John Hunwick kuma sun nuna cewa a wannan zamani aka haɗa shi a siffar da aka san shi, ko da yake M. G. Smith yana ganin akwai tsofaffin rubuce-rubuce a ƙarƙashinsa. Ƙirgen baya kuwa yana da ramuka. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, a cikin shekara 300 bambancin ya kai wajen shekara 9. Sarkin da ya yi wata bakwai ana iya ba shi shekara guda, wanda aka tuɓe ya komo ana iya ƙirga shi sau ɗaya ko sau biyu. Kai, ko turken da ake ɗaure lissafin Zazzau a jikinsa, wato shekarar da Malam Musa ya kori Makau daga Zariya, wasu littattafai sun ce 1804, wasu sun ce 1808.

Abin da aka gano a Ingila

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, an kuwa daɗe ana fama da irinta a kan sarakunan Angulo-Saksan, wato ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a Ingila tun daga ƙarni na 5. Malamin kiristan nan Bede, wanda ya gama littafin tarihinsa a 731, ya ce shugabanninsu na farko, Hengist da Horsa, zuriyar Woden ne. Woden kuwa abin bautarsu ne kafin su karɓi addinin Kirista. Wajen ƙarshen ƙarni na 8 aka tattara salsalar gidajen sarauta da dama, na Kent da Mercia da Deira da Bernicia da sauransu, kowannensu ya koma ga Woden. Zuwa zamanin Sarki Alfred, a ƙarshen ƙarni na 9, salsalar gidan Wessex ta wuce Woden, ta bi ta kan Annabi Nuhu ta kai ga Annabi Adamu. Ashe salsala ta sama take tsiro: gwargwadon yadda zamani ya yi nisa da kakanni, gwargwadon yadda ake ƙara sanin sunayensu.

A 1953 Kenneth Sisam ya bi waɗannan takardu ɗaya ɗaya, ya nuna cewa sunayen da ke sama da Cerdic, wanda aka ce shi ya kafa gidan Wessex, aro aka yi daga salsalar Bernicia aka liƙa. Daga baya David Dumville ya tara shekarun mulkin sarakunan Wessex kamar yadda jerinsu ya bayar, ya ga farkon Cerdic ya faɗo wajen 538, alhali littafin tarihinsu na shekara-shekara ya ce ya sauka Ingila a 495. Har ila yau akwai wani Creoda, wanda wasu kofe suka sa tsakanin Cerdic da Cynric, wasu kuma suka tsallake shi ɗungum. Ga misali ke nan na suna da ya faɗi daga jeri a ƙasar da ake taƙama da tsufan rubutu. Abin da waɗannan masana suka tsaya a kai shi ne, jerin sarakuna takardar neman halacci ce ta gidan da ke kan mulki, ƙasansa da ke kusa da zamanin marubuci abin dogara ne, samansa kuwa sai an bincika wa ya rubuta, don wa, a wane lokaci.

Idan aka auna jerin Zazzau da wannan ma'auni, sai a ga kamanni a fili. Gunguma, na farko a jerin, an ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajida, ta haka Zazzau ta sami kujera a cikin Hausa Bakwai, kamar yadda Woden ya haɗa gidajen Ingila a uba ɗaya. Bello a 1812 ya ji cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne. Labarin Daura da aka rubuta daga baya ya mai da uban Bawo ɗan Sarkin Bagadaza. Sunayen farko na jerin Zazzau tsirara suke, ba labari, sai daga wajen na 18, Muhammadu Rabo, wanda ake dangantawa da shigar Musulunci fada, lissafi ya fara kama ƙasa. Bakwa yana tazarar suna huɗu ne kacal daga wannan iyaka, wato Amina ta faɗo daidai bakin inda haske ya fara, shi ya sa ake ganin siffarta amma ba a iya auna ta.

Me ya sa babu sunanta?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce, malaman da suka rubuta jerin a zamanin mulkin Fulani ba su so a ga mace a cikin sarakuna, sai suka share ta. Akwai abin da ke goyon bayan wannan a Barno, inda labaran baka suka riƙe sunan Aisa Kili, wadda aka ce ta riƙe sarauta kafin Mai Idrisu Aloma a cikin ƙarni na 16, amma Diwani, jerin sarakunan da Barth ya samo a farkon shekarun 1850, bai ambace ta ba. A Ingila ma akwai Ethelfled, 'yar Sarki Alfred, wadda ta mulki Mercia daga 911 zuwa 918, ta gina garuruwa masu ganuwa irin su Tamworth da Stafford da Warwick, ta ƙwace Derby daga hannun 'yan Denmak a 917. Kofen tarihin da aka rubuta a Wessex, ƙasar ɗan'uwanta, kusan mutuwarta kaɗai ya ambata. Ayyukanta a wata 'yar takarda ta mutanen Mercia aka same su.

Duk da haka amsar ba ta gamsar ba a kan Amina. Muhammadu Bello malami ne, jigon jihadi kuma, bai ji nauyin rubuta cewa mace ta mallaki ƙasar Hausa ba. Idan kuwa Bakwa mace ce, to, ga mace nan zaune a cikin jerin ba wanda ya taɓa ta. Bugu da ƙari, zuriyar Haɓe da suka bi Makau zuwa Zuba, suka kafa Abuja a 1828 a ƙarƙashin Abu Ja, garin da yanzu ake kira Suleja, sun tafi da nasu tarihin, wanda Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Su ba su da dalilin ɓoye kakarsu, suna kuwa alfahari da ita.

Abin da ya fi dacewa da shaidun duka shi ne a koma ga sarautar da labarin baka ya ba ta tun farko, wato Magajiya. A tsarin mulkin Haɓe, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau, matan gidan sarauta suna da sarautu nasu, irin su Iya da Sarauniya, da garuruwa da barori a ƙarƙashinsu. A Daura kuwa girgam ya fara ne da jerin mata masu mulki kafin zuwan Bayajida. Mace mai irin wannan matsayi, idan ta haɗa shi da jagorancin yaƙi, tana iya fin sarkin da ke zaune a fada ƙarfi, har baƙi su ɗauka ita ce mai ƙasar. Mutanen Kano da na Sakkwato daga waje suke kallo, wanda ya zo musu da runduna shi suka sani. Mai riƙe jeri a fadar Zazzau kuwa aikinsa ƙirga waɗanda aka naɗa aka ba su gidan sarauta. Ta wannan fuska takardun ba su ƙaryata juna ba, tambaya daban kowace take amsawa. Bello ma da 'yar Sarkin Zazzau ya gabatar da ita. Idan haka ne, shekara 34 ɗin ba sa bukatar gurbi a cikin jerin, suna iya shimfiɗuwa a kan mulkin sarki ɗaya ko biyu ko uku.

Rasuwarta

Labaran baka sun ce Amina ba ta zauna a Zariya zaman kirki ba, rayuwarta a sansani ta ƙare, daga wannan yaƙi zuwa wancan, ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba. Wannan ma wani dalili ne da ke sa suna ya faɗi daga salsala, domin masu neman sarauta ne ke raya sunayen kakanninsu, wanda bai bar zuriya ba kuwa ba shi da mai tsaya masa a fada. A kan wurin rasuwarta Bello da masu labarin baka sun haɗu a Atagara, can kudu, nesa ƙwarai da Turunku da Kufena, a ƙasar da yanzu ke cikin jihar Kogi. Bello ya kawo sunan wurin, bai kawo shekara ba, marubucin Kano kuwa da ya gama ƙirga shekarun yaƙinta sai ya koma kan maganar Dauda da shekarun da ya yi yana sarautar Kano.